Allurar da Daso Mai Kitso Ta Zaɓa

Duk macen da ta zauna a unguwar Iku ta Suleja a shekarun casa'in ta ce ba ta san Daso mai kitso ba, to ko dai kanta a aske yake, ko ƙarya take yi. Gidanta na nan bayan injin niƙa, mai bishiyar mangwaro a tsakar gida. Ni ce na kama hayar ɗakin da ke kusa da rijiya. Sunana Lami, 'yar Kagoro, ɗinki ne sana'ata, amma unguwa kaf Maman Amos ake ce mini. Daso kaɗai ke kirana da ainihin sunana, ni kuma in ce mata Yaya.

Bari in faɗi aibina da bakina kafin wani ya riga ni: ina da surutu. Magana ba ta kwana a cikina. In na ji labari da safe, azahar ta yi ban kai wa mutum uku ba, har zazzaɓi nake ji. Matan zumunta sun yi mini addu'a a coci, fasto ya yi wa'azi a kan harshe yana kallona, na dawo gida na ba Daso labarin wa'azin da na duk waɗanda suka yi gyangyaɗi.

Ita kuwa Daso, Allah ya yi ta daban. Tana da wata kibiyar kitso ta ƙarfe, wannan siririn tsinken da ake tsaga gashi da shi, ta gaje ta a wurin kakarta. In ta tsaga layi sai ta maƙale kibiyar a haƙoranta, ta sunkuya a kan kai, yatsu su kama aiki. Shekara talatin haka take yi, har bayanta ya ɗan ranƙwafa. To mai ƙarfe a baki yaya za ta yi magana? Iyakarta "uhm".

Lokacin nan gwamnati ta taso ta dawo Abuja, Suleja ta cika ta batse. Maza su yi sammako su bi motocin Abuja, su bar mata a ɗakunan haya, ba uwa ba 'yar'uwa a gari. Daga Kano, daga Katsina, daga Jos, daga Makurɗi. Mace ta zauna a tabarma, ta sa kai tsakanin gwiwoyin Daso, ba ta ganin fuskar kowa sai ƙasa, sai kawai ka ji baki ya buɗe. Abin da ba ta gaya wa mijinta ba, abin da ba za ta iya rubuta wa uwarta a wasiƙa ba, duk a nan take sauke shi. Daso ta ce "uhm", ta ɗaure jelar ƙarshe, mace ta tashi da shuku a kai da zuciya sakayau. Ba a taɓa jin maganar wata ta fita daga gidan nan ta bakin Daso ba.

Ni kuwa ina daga baranda a kan kekena, kunne na ƙaiƙayi. In na ji an rage murya sai in sassauta ƙafa a hankali don ƙarar ta ragu. Nan take Daso za ta zare kibiya daga baki.

"Lami, kekenki ya tsaya."

Sai in ci gaba da takawa ina ƙunƙuni. Wallahi matar nan ta cuce ni labarai masu daɗi.

Akwai wata Ummukulsum, matar wani akawu, da aka yi wa aikin afendis a wani ƙaramin asibiti a hanyar Kaduna. Mun je dubiya ni da Daso da kwanon kunu, muka tarar tana farfaɗowa daga allurar da aka yi mata. Ido a buɗe, hankali ba ya nan. Ga surukarta zaune a gefen gado tana yi mata fifita, sai Ummukulsum ta fara bayani dalla-dalla yadda take zubar da miyar kukar da tsohuwar ke aiko mata a bayan garken awaki, har da cewa akuyar ma shinshinawa take yi ta wuce. Na yi dariya har ɗankwalina ya faɗi. Daso ko murmushi ba ta yi ba. Muna tafe gida ta ce, "Lami, ashe akwai allurar da ke sa mutum ya zubar da cikinsa haka?" Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba a lokacin.

Da daminar casa'in da shida na fara lura da igiyar shanya. Matar da ta daina al'ada tun kafin in zo gidan, me take yi da tsummoki a bayan ɗaki kullum? Ga rama, ga hutawa tsakanin kitso da kitso, abin da ba ta saba ba. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Wai ni za a ɓoye wa abu a gidan da nake kwana! Na tare ɗanta Tanimu a tasha, direban bas ne tsakanin Suleja da Abuja, na zayyane masa komai. Daso ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba, amma ta shiga motar zuwa asibiti. Ranar dai bakina ya yi amfani, kuma ba zan gaji da tuna wa mutane ba.

Daga wannan asibiti zuwa wancan, aka yanki ɗan nama aka auna, sakamako ya fito: ciwon daji ne a bakin mahaifa. Likita ya ce an yi sa'a bai yi nisan da zai gagara ba, amma maganinsa gashi ne, wato a haska wa wurin wani haske mai ƙarfi daga inji har ciwon ya ƙone, kuma sai an je Ibadan. Daso ba ta da 'ya mace. Matar Tanimu na da tsohon ciki. Na rufe kekena da zane, na tura Amos wurin kawunsa, na ce ni zan je.

Muka sauka a Sabo, unguwar Hausawa, gidan wani abokin Tanimu. Mako biyar kullum da safe muna asibiti. Ta kwanta a ƙarƙashin inji na 'yan mintoci, ta fito. Ba zafi, sai gajiya da ɓacin ciki. Jinin da ke zuba mata ya tsaya a mako na uku. Kafin mako na huɗu rabin matan da muke layi tare sun samu sabon kitso, Yarabawa da Inyamurai, kuma na rantse har su sai da suka yi ta zuba mata labari da yarensu tana cewa "uhm".

Sai aka ce saura gashi na ciki. Wata nas mai suna Sista Hilda, 'yar Fankshin ce, Hausarta tas, ita ta yi mana bayani. Za a saka wani ɗan ƙarfe a bakin mahaifa, a sa masa abin gashin, ya zauna wajen kwana biyu yana aiki daga kusa. Ta ce wannan shi ne cikon maganin, in ba a yi shi ba ciwon na iya dawowa. Sakawar tana da zafi, saboda haka sai an yi allurar barci.

Daso ta ce to. Muka koma Sabo, na fita sayen lemo, na dawo na tarar ta ɗaure jakarta ta Gana-mas-go.

"Yaya, ina zuwa?"

"Gida. Na ji sauƙi."

"Sauƙin me? Ba ki ji abin da Sista ta ce ba?"

"Na ji. Na kuma ga Ummukulsum." Ta zauna a bakin katifa. "Lami, ita miyar mutum ɗaya ta tona. Ni cikin mata nawa ne a nan? Akwai auren da zai mutu, akwai wadda ba za ta ƙara iya fita kasuwa ba. Amana suka ba ni. Gara in koma in mutu da abina."

"To wa zai ji ki a nan, a ƙasar Yarabawa?"

Ta ɗago ta dube ni. Kai, kallon nan ya yi mini ciwo! Na bar ɗana da kekena na biyo ta, ashe ni ce abin tsoron. Na buɗe baki zan yi masifa, sai na tuna gaskiyarta ce. Na fashe da kuka, na zauna a kan jakar, na ce sai dai ta ɗauke mu tare.

Washegari na ja ta har ofishin likitan da ke yin allurar barcin, Dakta Oladipo, wani gajere mai sanƙo da yawan dariya. Sista Hilda ta fassara masa matsalar. Na zaci zai yi mana tsawa. Sai ya cire tabarau, ya ce shekararsa goma sha biyar yana aikin nan, ya ga masu tsoron mutuwa, ya ga masu tsoron allura, bai taɓa ganin mai tsoron bakinta ba. Ya jawo aljihun tebur ya fito da 'yan kwalabe ya jera.

Ya ɗaga ta farko, ya ce sunanta ketamin. Tana aiki da sauri, ba ta danne numfashi, amma wasu kan yi mafarkai da sambatu in suna farkawa, kuma takan hau da jini, ga shi jinin Mama dama yana ɗan hawa.

"Ita ce ta Ummukulsum," in ji Daso. "A mayar da ita."

Ya ce akwai barci mai nauyi gaba ɗaya, wanda ake sa wa mutum iskar magani ya tafi bai san inda yake ba. Amma jinin jikinta ya ragu saboda zubar da ya yi, ga tarin hayaƙin murhu a ƙirjinta, ba ya so ya kai ta can in da wata hanya.

"In an farka ana magana?"

Ya ce wasu kan ɗan yi.

Sai ya haɗa kwalabe biyu, fetidin mai kashe zafi da baliyom mai kwantar da hankali. Ya ce su ne aka fi yi wa mata a wannan aikin, mutum na tsakanin barci da ido biyu, yawanci ma ba ya tuna abin da ya faru.

"Wato in na yi magana ma ba zan san na yi ba?" Daso ta girgiza kai. "Wannan ai ta fi muni."

Dakta ya yi dariya har da buga tebur. Sannan ya ce saura ɗaya: allurar baya. A tsira siririyar allura tsakanin ƙasusuwan gadon baya, daga cibiya zuwa ƙafa ya mutu na 'yan awoyi, kai kuwa garau, tana ji tana gani.

Na yi tsalle na ce a'a, wannan ai ita ce mai gurgunta mutane! Sista Hilda ta tambaye ni wa na sani da ta gurgunta. Na lalubi ƙwaƙwalwata. Ni kaina na yaɗa labarin nan a Iku ya fi sau ashirin, amma ban san mutum ko ɗaya ba. Dakta ya ce kowace allura da hatsarinta, ba zai ɓoye ba, wannan takan bar wa wasu ciwon kai na 'yan kwanaki, amma ƙafa takan dawo kafin yamma.

"Harshena yana hannuna?" Daso ta tambaya.

"Yana hannunki, Mama," in ji Sista Hilda.

"Ita nake so."

Ranar aikin ta miƙo mini kibiyarta ta ce in riƙe mata. Aka shiga da ita wani ɗan ɗaki kafin ɗakin tiyata, ni ina leƙe ta gilashin ƙofa. Aka zaunar da ita a bakin gado, aka ce ta sunkuya ta turo baya waje don ƙasusuwan su buɗe. Ina! Matar da kullum a ranƙwafe take, ranar tsoro ya miƙar da ita sambal kamar taɓarya. Dakta ya laluba, ya gwada, ya sake gwadawa, allura ta ƙi samun hanya. Sista Hilda ta fito tana share gumi.

"Maman Amos, ta ƙi sakin jiki. Dakta ya ce sau ɗaya zai ƙara. In bai samu ba sai dai ɗayar allurar, ita kuma ta ce in haka ne a sauke ta ta tafi gida."

Mako biyar na wahala zai tashi a banza saboda baya ya ƙi lanƙwasa! Na matse kibiyar nan a hannuna, sai dabara ta faɗo mini.

"Sista, ba ta iya sunkuyawa hannu wofi. Ku ba ta kai."

"Kai kuma?"

"Kan mutum, mai gashi. Ga nawa, a tsefe yake."

Ta ce ba a barin 'yan jinya su shiga. Ta ɗan tsaya tana kallona, sai ta karɓi kibiyar, ta goge ta da ruwan sifirit, ta koma. Ina gani ta yi wa Dakta magana, ya ɗaga kafaɗa. Ta jawo 'yar kujera ta zauna a gaban Daso, tsakanin gwiwoyinta, ta tuɓe hular aiki.

Daso ta dubi kan nan. Na ga bakinta ya motsa, daga baya Sista ta ce mini cewa ta yi, "Wa ya yi miki wannan aika-aikar?" Ta karɓi kibiya, ta ja tsaga, ta maƙale ta a haƙora, kafaɗu suka sauko, baya ya lanƙwashe yadda ya saba shekara talatin. Ta gama layi ɗaya. Ta tsaya cak tana duban inda tsaga ta biyu za ta bi, kuma duk wanda ya san Daso ya san a wannan lokacin ko numfashin kirki ba ta yi. Dakta ya tura allurarsa. Sai na ga ya ɗago babban yatsa sama. Ni kuwa na rangaɗa guɗa a barandar asibiti har wani ma'aikaci ya zo ya kore ni.

Aka saka ƙarfen lafiya, idonta biyu, aka kai ta wani ɗaki mai kaurin bango inda ba a barin kowa ya daɗe saboda hasken. Kafin la'asar ƙafafu suka dawo, zafi kuma ya biyo su. Sista Hilda ta ce dole a yi mata fetidin, ba za ta iya kwana biyu a kwance haka ba. Daso ta cije ta ƙi, sai da zufa ta jiƙa matashi, sannan ta kafa sharaɗi: wadda za ta yi mata allurar kada ta kasance mai jin Hausa, kuma kada mai jin Hausa ya matso kusa.

Aka samo wata nas, Bola, wadda ko "sannu" ba ta sani ba. Sista Hilda ta koma wani sashe. Saura ni.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Shaiɗan ya zo mini a barandar nan. Ƙofa ga ta, taku goma. Labarin Iku gaba ɗaya, na shekara da shekaru, abin da na yi ta sassauta keke dominsa, yau zai zubo kyauta, kuma ita kanta ba za ta san na ji ba. Har na miƙe. Sai na tuna ta zaune a bakin katifa da jakarta a ɗaure. Na je na roƙi auduga na cusa a kunnuwa biyu, na ja benci can ƙarshen baranda, na kama rera waƙoƙin coci a maƙogwaro, ɗaya bayan ɗaya, tunda ba keken da zan taka. Wani mai sayar da goro daga Sabo ya zo wucewa dubiya, na mayar da shi ya zaga ta baya.

Can sai ga Bola ta fito tana dariya. Na zare audugar kunne ɗaya. Da Turancin buroka ta ce mini Mama ta sha magana, ta leƙa ta sau uku tana yi. Sannan ta tambaye ni, "Who be Lami?" Ita Maman Amos ta san ni da shi. Ta ce sunan nan Mama ta yi ta maimaitawa, Lami kaza, Lami kaza, har ta riƙe wasu kalmomin. Ta gyara murya za ta kwaikwaya mini.

Na sa tafin hannuna na toshe mata baki. Ni, Lami! Na mayar da audugata.

Bayan kwana biyu aka cire ƙarfen. Daso ta ƙi barin asibitin sai da ta ƙarasa kan Sista Hilda, ta ce ba za a ce ta bar layi ɗaya a kan mutum ta gudu ba. Dakta Oladipo ya zo sallama, ya ce zai roƙi asibiti su ɗauki mai kitso aiki. Tanimu ya zo da bas ya kwashe mu. Da muka hango Dutsen Zuma, Daso ta ce "Alhamdulillahi", ni na ce "Haleluya", Tanimu ya danna ham tun daga bakin kasuwa har ƙofar gida. Mata suka fito, wasu da ludayi a hannu, kawuna duk sun yi buzu-buzu, wai sun ƙi kai wa kowa. Aka dafa shinkafa, Ummukulsum ta kawo miya, na tambaye ta ko akuya ta ɗanɗana, aka bi ni da duka.

Na ba da labarin allurar baya a coci, a kasuwa, a bakin rijiya, har Sabon Wuse na kai shi, don in goge ƙaryar da na yaɗa a da. Mata biyu da suke ɓoye irin tsummokin nan sun zo sun same ni a asirce, na raka su asibiti.

Da Daso ta yi ƙarfi, ranar da ta fara shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, mata sun yi layi, ta ce kowa ta dawo gobe, yau kan Lami za ta yi. Na zauna, na sa kai tsakanin gwiwoyinta. Ta ja tsaga ta farko.

"Ranar nan, na yi magana?"

"Kin yi, Yaya. An ce sunana kika yi ta kira."

Hannunta ya tsaya. "Me na ce?"

"Ban tambaya ba."

Ina jira in ji ƙarar ƙarfe a haƙora, sai na ga ta ajiye kibiyar a kan tabarma kusa da ƙafata. Ta sunkuyo, yatsunta na aiki, ta fara ba ni labarin wani abu nata na kanta, wanda ta ce tun tana budurwa take ɗauke da shi ba ta sami inda za ta sauke ba. Ta yi magana har aka kira la'asar. Na yi kuka, na yi dariya, ban ce komai ba sai "uhm".

Yau shekara uku ke nan. Duk wata shida Tanimu na kai ta a duba ta, likitoci na cewa ba su ga komai ba, tana nan tana kitsonta, ta yi ƙiba har zannuwanta na neman ƙari. Na san abin da kuke jira, kun matso kuna so ku ji me ta gaya mini. Ku yi haƙuri, ɗinki na jirana, kekena ya daɗe a tsaye.